Kwalba ta Huɗu

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mai gidanki da yara, da aikin asibitin nan naki da ba ya ƙarewa. Baba yana gaishe ki, ya ce in tambaye ki ko ciwon bayan nan ya sake ki.

Kin ce muryata ba ta yi miki daɗi a waya ba. Gaskiyarki. Ba na iya magana Baba yana zaune kusa, shi ya sa na ɗauki biro.

Wata bakwai ke nan ina haɗiye abin nan. Ranar da na karɓo takardar digirina, 'yan'uwa suka cika falonmu. Baffa ya zo a makare, ya ce in miƙo masa takardar ya sa mata albarka. Ni kuwa baki har kunne na miƙa. Sai ya zaro ƙaramin ma'aunin nan na shago daga aljihu, wanda ake auna turare mai tsada da shi, ya naɗe takardar ya ɗora a kai. Ya duba, ya sanar wa jama'a cewa giram goma sha ɗaya ce. Ya ce to, kowa ya shaida, ga abin da wansa ya sayar da rabin shago a kansa. Wai da aikin jinya na karanta kamar ke, da aƙalla an samu mai yi wa dangi allura kyauta. Aka kwashe da dariya. Baba ma ya yi murmushi, amma idonsa yana kan kafet. Yaya, ma'aunin nan ba da kansa ya shiga aljihu ba. Tun daga gida Baffa ya shirya wulaƙancin.

Abin haushin, har yau babu wanda ya san abin da na karanta. Da na ce ilimin halayyar ɗan Adam, sai a ce in faɗi abin da ake tunani. Goggo har maƙwabcinta ta so kawo min, wai yana magana shi kaɗai. Na gaji da bayanin cewa fannina na gwaji ne. Shekara huɗu aka yi ana koya mana yadda za ka gwada abu ba tare da ka yaudari kanka ba, da yadda za ka gane ko abin da mutum ya ce ya ji shi ne ya ji. Da na kai nan sai a fara hamma.

Na zauna na yi awon da Baffa yake so, ba tare da son kai ba. Wata makarantar kuɗi ta ce in zo in koyar. Da albashin da suka yanka min, sai na yi shekara goma sha tara ban ci ba ban sha ba kafin in tara kuɗin rabin shagon nan. Kamfanin waya sun ɗan ɗara haka, in zauna da abin kunne ina ba mutane haƙuri daga safe zuwa yamma. Aikin da ake biyan kuɗin kirki a fanninmu kuwa, duk sai da digiri na biyu, wato a sake zuba wasu kuɗin da ba mu da su. Ba zan ɓoye miki ba, a kan takarda Baffa ne da gaskiya, kuma wannan shi ya fi ƙona min rai.

Amma ki tuna wane ne Baba. Shekara talatin shi ke zaune a teburin haɗi, Baffa yana bakin kanta yana zuba wa masu saye surutu. Duk turaren da ya yi wa shagon suna daga hancin Baba ya fito. Yau ga shi a gida, yana karanta jarida ɗaya sau biyu, saboda ni. Tun rasuwar Umma ban ga ya yi laushi haka ba.

Na yi alkawari, ke ce shaida. Sai na mayar da Baba kan tebur, kuma daga bakin Baffa zan ƙwato abin da zai zauna da shi. Kada ki rubuto min maganar zumunci, na san za ki fara.

Ki shafa min kan yara.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya yara, ya mai gida? Wasiƙarki ta iso, da shafi biyu na wa'azin da na ce kada ki yi. Na karanta, na gode, ban sauya ba.

Na samu ɗan aiki na wucin gadi a wani kamfanin binciken kasuwa. Tsayuwa nake a ƙofar manyan kantuna, ina roƙon mutane su ɗanɗana biskit biyu su faɗi wanda ya fi. Ƙafafuna kumbura suke, kuɗin kuma na mota ne da sabulu. Amma a nan na tsinci labarin da nake nema. Kin san babban otal ɗin nan da shagon yake kai wa turaren ɗaki tun muna yara? Kwangilar za ta ƙare wata mai zuwa, kuma baƙi sun fara ƙorafi wai ƙamshin ya yi kaifi, yana hawa kai. Ai dole, tunda Baffa ya koma sayen mai mai arha yana zubawa a kwalba mai ruwan zinare. Kuma kin san kwangilar nan ita ce ƙashin bayan shagon.

Sau uku na je otal ɗin kafin Manaja ta yarda ta gan ni. Wata gajeriyar mata ce mai gilashi, ba ta ko ce in zauna ba. Ta ce duk mai turare cewa yake nasa ya fi. Na ce mata shi ya sa bai kamata ta saurari kowa ba, har da ni. Ta bari hancin baƙinta ya zaɓa, ba tare da sun ga kwalba ko sun ji sunan mai ita ba. Sai ta ajiye biro, ta nuna min kujera.

Ga yadda na tsara. Kwalabe huɗu iri ɗaya, babu suna sai lamba. Ɗaya ta Baffa, ɗaya ta Baba, ɗaya ta wani kamfani da shi ma yake neman kwangilar. Ta huɗun kuwa man da ake dama turare da shi ne zalla, ba shi da ƙamshin komai. Ita ce tarkonmu a makaranta: duk wanda ya yaba ta, to ba sansanawa ya yi ba, cika takarda kawai yake, sai a ware takardarsa. Akantan otal ne zai sa lambobin ya rufe sirrin a ambulan, don ko ni mai miƙawa kada in san wacce ce wacce, fuskata ta tona. Mutum sittin, kowa a ba shi a jere daban, saboda hanci yana gajiya, abin da ya zo farko yakan ci riba. Kuma takardun masu turaren da kansu ba sa cikin ƙidaya. Duk na rubuta, kowa zai sa hannu kafin a fara.

Wahalar ita ce Baba. Kwana huɗu ina binsa yana cewa ya tsufa, in bar ƙaninsa ya ci abincinsa. Sai da na yi kuka na ce masa in bai yi ba, to ya yarda da awon Baffa ke nan. Sannan ya ɗauko littafinsa mai baƙin bango, ya buɗe wani shafi a can ƙarshe. Haɗin da ya yi wa Umma ne, wanda bai taɓa kai wa shago ba. Kin tuna ƙamshin mayafinta? Shi ne.

Ɗakinki na da muka mayar wurin aiki. Ni ke aunawa, ni ke ɗigawa, wai idonsa ba ya ganin ƙananan lambobi. Kuma ya zama malami na gaske, ba ya faɗin ra'ayinsa sai ya fara tambayata yadda na ji. In na ce ya yi zaƙi, sai ya ce to rage kaza da ɗigo biyu, kuma wallahi sai ya daidaita. Shekaranjiya har tukunya ta ƙone ƙurmus a kicin, yana zaune dab da ƙofa bai motsa ba, tsabar hankalinsa ya tafi kan littafin. Na yi ta yi masa tsiya.

Baffa ya ji labari. Ya aiko Goggo ta gaya min wai in bi a hankali, zan ja wa ubana abin kunya. Na ce ta gaya masa ya zo da ma'auninsa.

Ki sa mu a addu'a, ko da ba ki yarda da niyyata ba.

Taki,
Auta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, a gurguje nake yi.

Mun ci. Bari in fara da wannan, don shi na fi so in rubuta.

A ƙaramin zauren taro na otal aka yi, ranar Laraba da hantsi. Baffa ya shigo da kwalbarsa mai ruwan zinare a cikin akwati, ya yi ta faɗa da aka ce a juye ta a kwalba irin ta kowa, wai ai kwalba ma rabin turare ce. Manaja ta ce masa baƙinta ba sa kwana da kwalba. Ya sa hannu yana huci. Sai can ya ce tunda gwaji ake, shi da wansa ma su sansana su cika takarda, a ga gwanin gaske. Na ce a raina, girman kai zai kashe mutumin nan. Na miƙa musu. Na hana kowa rubuta suna, amma Baffa sai da ya zuba sa hannunsa mai kama da igiya a ƙasan tasa. Baba ya daɗe a kan kowace kwalba, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Na ɗauka zafin ɗakin ne.

Da aka buɗe ambulan, mutum arba'in da ɗaya cikin sittin sun fifita na Baba. Kamfani ya samu goma sha ɗaya, Baffa shida, biyu kuma na ware su don sun yaba kwalbar da babu komai. Shida, Yaya! Wata mai share ɗakuna ta rubuta cewa na Baffa yana tuna mata maganin sauro. Na karanta wannan da ƙarfi, a hankali, har sau biyu, wai ban ga rubutun da kyau ba. Allah ya yafe min, amma daɗin da na ji ban taɓa jin irinsa ba.

Baffa bai ji kunya ba. Tsalle ya yi ya ce a buɗe takardarsa da ta wansa a gaban kowa, yanzu-yanzu. Ya nace, har yana buga tebur. Na nuna masa layin da ya sa wa hannu, cewa takardun masu turare ba sa cikin ƙidaya, na zuba su a jakata. Ba don komai na ƙi ba sai don in ƙuntata masa. Ya dube ni ya yi wata irin dariya, ya ce in je gida in karanta.

Washegari da safe na haɗa shayi, na zauna in more. Na fara da ta Baffa. Ya ba na Baba tara cikin goma, ya rubuta cewa wannan nasa ne shi Baffa, ko a mafarki zai gane shi. Nasa na gaskiya kuwa uku ya ba shi, ya ce haɗin 'yan koyo ne. Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni.

Sai na buɗe ta Baba. Uku na farko ya ba su biyar, shida, biyar, babu sharhi. Kwalba ta huɗu, man nan zalla, ita ya ba tara. Da rubutunsa mai kyau ɗin nan ya rubuta a ƙasa: "Wannan haɗin gwani ne, ya zauna sosai."

Na ce kuskure ne, lamba ya rikita. Amma shekara huɗu aka yi ana hana ni yarda da abin da raina yake so. Na ɗauki kofi biyu masu murfi, ɗaya ruwa, ɗaya ruwa da kananzir. Na kai masa na ce wani sabon mai ne nake so ya duba min. Ya sansana na farko, ya sansana na biyu, ya kaɗa kai kamar yana nazari, ya ce in fara faɗin nawa ra'ayin tukuna.

Yaya, ke ce ma'aikaciyar jinya. Baba ba ya jin ƙamshi, ba ya jin wari. Tukunyar nan, da idon da wai ba ya gani, da tambayata da yake fara yi, duk a gabana aka yi, ni mai digirin lura da mutane. Kuma Baffa ya sani. Ba girman kai ne ya sa ya ce su sansana ba, rami ya haƙa wa wansa a gaban mutum sittin, ni kuma na kama hannun Baba na kai shi har baki.

Ban yi masa magana ba tukuna. Ki kira ni ranar Asabar da safe, lokacin yana fita sayen jarida.

Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina yi wa yara fatan alheri a jarrabawarsu. Na gode da kiran, da sunan likitan da kika turo. Mun je. Ya ce bayan shekaru haka da wuya ya dawo, amma za a gwada.

Na bi shawararki, ban yi masa kwana-kwana ba. Na ajiye takardar a gabansa, na gaya masa abin da ke cikin kwalba ta huɗu. Bai musa ba. Ya ce tun zazzaɓin nan da ya kwantar da shi, shekara guda kafin in samu gurbin karatu, ya tashi ya tarar duniya ba ta da ƙamshi. Ya yi wata takwas yana haɗi da ka, daga littafi, babu wanda ya gane. Baffa ne ya kama shi, ranar da kwalba ta fashe a bayan kanta bai juyo ba. Maimakon ya rufa wa wansa asiri, sai ya ba shi zaɓi: ko ya sayar masa da rabonsa a farashin da shi Baffa ya yanka, ko masu saye su ji cewa mai haɗin shagon ba shi da hanci. Abin da ya biya bai kai rabin darajar rabon ba.

Kin gane, Yaya? Ba karatuna ne ya ci shagon ba. An riga an ƙwace shi kafin in taka jami'a. Baffa ya san haka sarai ranar da ya ɗora takardata a kan ma'auni.

Ban bar Baba ma ba. Na ce masa shekara biyar ina ɗauke da wannan nauyin, ko takalmi ban taɓa saya ba tare da na ji kamar na sata ba, yana kallona ya yi shiru. Ya ce ya san ya zalunce ni. Sannan ya ce: "Na fi son a ce na sayar da shago don 'yata ta yi karatu, da a ce hancina ya mutu. Kuma kuɗin da ya rage, ban ga inda ya fi ki ba." Na tashi na shiga kicin, don ban shirya yafewa a ranar ba. Na yafe daga baya, amma sai da na kwana biyu.

Baffa kuwa na san inda zai nufa, don haka na riga shi. Na je wa Manaja da takardun biyu, na gaya mata komai da bakina: mai haɗin ba ya jin ƙamshi, ilimin yana kansa, hancin nawa ne. Na ce duk sabon haɗi za a gwada shi da na farko a rufe, in mutanenta suka iya bambancewa, kada ta biya. Ta karanta ta Baba, ta ajiye ta gefe. Ta karanta ta Baffa, ta cire gilashi ta goge ido don dariya. Da Baffa ya iso da rana ɗauke da babban sirrinsa, sai ta ce ta riga ta ji, ta tambaye shi wanne ya fi damunsa, mai haɗin da ba ya jin ƙamshi, ko mai hancin da bai gane nasa ba. An ce ko sallama bai yi ba.

Kwangilar shekara biyu ce, da sunan Baba. Ni kuma ta ba ni aikin gwada musu sabulu da zanin gado da ganyen shayi kafin su saya, kuma ta haɗa ni da wasu otal biyu. Ba arziki ba ne, kada ki fara lissafin mota. Amma shekara goma sha taran nan ta sauko ta koma kamar shida, kuma ina ci ina sha.

Jiya na je shagon, karon farko cikin shekara biyar. Da masu saye uku a ciki, na so su fi haka. Na gaishe da Baffa har ƙasa, kamar yadda aka koya mana. Na ɗauki ma'aunin daga kan kanta, na ɗora kwafin takardarsa mai sa hannu, na duba, na ce giram biyar ce, ba ta ko kai rabin tawa ba, amma ita ta ɗauke masa otal. Na bar masa ita a kai na fito. Kin ce zan ji nadama. Na jira ta duk yinin jiya, ba ta zo ba. Goggo ta ce za a kira taron dangi a kaina. Ina jiransu, ina da sauran kwafi.

Yau da safe muka gama haɗin farko na otal, kwalba ɗari biyu. Baba ya sa farar rigarsa ta aiki, wadda na zaci ya bayar tuntuni. Da na rufe ta ƙarshe, sai ya karɓa ya buɗe, ya kai hanci ya lumshe ido, kamar yadda ya saba shekara talatin. Sannan ya miƙo min. Ya ce yanzu babu sauran ɓoye-ɓoye, in gaya masa gaskiya, ko ya yi kama da na Umma. Na sansana na ce masa shi ne sak, har da ɗan ɗacin nan na ƙarshe da yake maƙalewa a mayafi. Ya ce in ƙara faɗa masa, a hankali, tun daga farko. Na faɗa masa sau uku.

Na sa miki kwalba ɗaya a cikin saƙon. In kin buɗe, ki kira shi ki gaya masa yadda kika ji, kuma kada ki gajarta.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta